Kogin da Na Haƙa wa Baba Sule

Da safiyar wata Asabar, a daminar da ta biyo bayan samun 'yancin Gana, na tsaya a bakin babbar kwatar unguwarmu Nima riƙe da sandar wani makaho, ina rantse masa cewa jiragen ruwa uku ne ke wucewa a gabanmu, ɗaya ma har da tuta. Abin da ke wucewa kuwa ganyen naɗe dokunu, tuwon masarar nan, ne da wani mataccen takalmi. Shekaruna tara a lokacin, kuma daga Nima har Maamobi ba a haifi wanda ya fi ni ƙarya ba. Makarantar boko mako biyu na yi mata, muka rabu ba wanda ya yi kewar wani.

Inda na yi karatuna shi ne rumfar unguwa, wata doguwar rumfar kwano da iyayenmu suka kafa bayan masallaci saboda 'ya'yan 'yan dako irina da tsofaffin da ba su da kowa. Bencinta na katakon akwatin kifi ne, in rana ta yi zafi yakan tuna da teku. A gefe guda tela na koya wa manyanmu ɗinki, tsofaffi na buga dara a ƙasa, mu kuma muna shara, muna ɗebo ruwa a famfo, muna dukan ƙwallon tsumma. Mma Azumi ce mai tukunya, kuma dokarta ɗaya ce: "Ba koko ga yaron da bai zo da tsohonsa ba." Kowane yaro an ba shi tsoho guda, ya ɗauko shi daga ɗakinsa da safe, ya mayar da shi bayan la'asar. Wanda aka ƙwace wa tsoho, shi da koko da ƙosai sai dai kallo, kuma a gidanmu ba a hura wuta kafin azahar.

Nawa tsohon shi ne Baba Sule, mutumin bakin kogin Kwara, wanda ya biyo fataken goro da ƙafa tun yana saurayi, ya yi gadi har idanunsa suka mutu. Kullum a hanya sai ya ce, "Ɗan nan, me ke gabanmu?" Ranar farko na faɗa masa gaskiya, akuya ce a kan bola. Ya yi ajiyar zuciya. Kashegari sai na ba shi raƙuma. Daga nan na shuka masa giginya a lungun mai gawayi, na mai da hayaƙin masu suyar kifi hazon kogi, na saki dorina a kwata. Yakan rage tafiya, ya ɗaga fuska sama yana murmushi, har ni ma in fara jin ƙarar filafili a ruwa.

To, a wannan Asabar ɗin ashe Mma Azumi na bayanmu da tulu a ka, ta ji komai. Ta ja kunnena har rumfa, ta tara dattawa, ta ce ina wasa da makantar bawan Allah, za a ba Baba Sule yaro mai kunya. Na tsaya cikina na kuka tun kafin idona. Tsohon ya lalubo benci ya zauna, ya ce, "Azumi, idona ne ya mutu, hancina na nan da ransa. Na san kwata ce. Shekara arba'in ba wanda ya kai ni gida bakin Kwara sai wannan ɗan banzan. Ku bar mini maƙaryacina." 'Yan dara suka fashe da dariya. Mma Azumi ta harare ni, ta cika mini kwano, ta ɗora ƙosai biyu. Ni na riƙe sandarsa har shekarar da aka kai shi makwancinsa.

Yau inda rumfar take a da shagon sayar da waya ne, tsofaffin unguwa kuma kowa na ɗakinsa, sai an kwana biyu ba a ji tarinsa ba ake leƙawa. Nawa idon ma ya fara yin hazo. Jikana ne ke raka ni masallaci, yaro mai gaskiya, ɗan makaranta. In na tambaye shi me ke gabanmu, sai ya ce, "Ba komai, Baba." Allah ya yi masa albarka, amma hanyar ta yi mini tsawo.