Ranar da Maigidana Ya Fasa Tukunyar Japan

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da maigidana ya fasa tukunyar Japan ba.

Muna Badarawa a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ma'aikatarsu ta tura shi kwas Japan, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai ginin yumɓu. Ba tukwanen girki take ginawa ba, siffofi ne don kallo kawai. Da zai dawo ta ba shi guda: baƙa ƙirin, a karkace, jikinta duk huji, ba ta riƙe ruwa balle ta dafa tuwo. Na ce, "Baban yara, duk faɗin Japan ka rasa rediyo sai wannan?" Ya ce a can manyan mutane layi suke bi su ga aikin matar. Ya ɗora ta kan kabad a falo, kullum da kansa yake goge ta, mutumin da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba.

Ana nan sai aka ƙara masa girma a ofis, ga kuma zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, kujerar da ya daɗe yana mafarki. Shi ke nan, bakin mutane ya buɗe. Wai tukunyar tsafi ce, ta hujin nan take shan jini. Wata ma ta rantse ta ji tana numfashi, alhali ko ƙofar falonmu ba ta taɓa takawa ba.

Wata Asabar sai ga dattawa da wasu matan zumunta, fuska a murtuke. Babbansu ya toge a bakin ƙofa da tumbinsa, ya ce, "Ɗan'uwa, mu dai ba mu ce komai ba. Amma mai neman dattijantaka, bai kamata a ga irin wannan a ɗakinsa ba." Maigida ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, cewa ƙasa ce kawai da wuta da hannun tsohuwa. Ya juya gindinta ya nuna musu shatin babban yatsan matar. Mata suka ja baya, wai ga sawun aljani.

Na harari maigida don kada ya yarda ya fasa ta, amma ina. Ya ɗauke ta ya fita tsakar gida, ya sake ta a kan siminti. Aka yi waƙa, aka rufe ido aka yi doguwar addu'a, aka shanye mini lemo. Da suka tafi na ɗauko tsintsiya, sai na tarar babu abin shara sai gari. Ashe lokacin da idona yake a rufe, hannuwansu a buɗe suke. Maigida ya durƙusa yana laluben ɓarin nan mai shatin yatsa, bai samu ba. Ranar na tausaya masa har na kasa yi masa gori.

Bayan wata guda na ga ɓarin nan da idona a shagon matar babban dattijon a Malali, an ɗaure shi da zare a saman ƙofa don jawo ciniki. Zaɓe kuwa maigida bai ci ba. Cewa suka yi, da ba shi da laifi ai da bai fasa ba.

Tun daga ranar na koyi cewa kada ka fasa abin da kake so don ka rufe bakin mutane. Bakin ba zai rufu ba, ɓarin ma su za su kwashe.