Na'urar da Ke Jin Baƙin Ƙarfe

Shekara talatin ina koyar da tarihi, ban taɓa tono ko ƙusa ba, sai da na je Kaduna sayen na'urar neman ƙarfe. Da mai shagon ya ji daga Birnin Gwari nake, sai ya jawo wata mai ƙyalli.

"Malam, ga taka. Wannan zinari kawai take ji, ba ruwanta da baƙin ƙarfe."

"To mayar da ita," na ce. "Ba ni wadda ba ta raina baƙin ƙarfe."

Ya dube ni kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa da gangan.

Mahaifinmu maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Gwaska. Ranar da 'yan bindiga suka tashe su, uwar maƙerarsa ta fi ƙarfin babur, sai ya binne ta gindin wata ɗorawa. Ya rasu a gari yana zancenta. Ɗorawar kuwa an sare ta.

Yayana ya ce, "Mutane na kai ransu dajin nan don zinari, kai don guntun ƙarfe?"

Na ce, "Su ai na wani suke nema, Yaya."

Na je kufan ƙauyen da hantsi. Na'urar ta yi kuka a kan gwangwani, ta yi a kan kwanson harsashi har na gaji da tono. Can wajen azahar, fartanyata ta daki abin da ya amsa.

Uwar maƙerar ce. Ban ɗauko ta ba. Na kankare mata ƙasa, na kafa ta inda take a da, na buga mata guduma sau uku yadda duk wanda ke dajin zai ji.