Ajuji: Fassarar da Ta Kori Gwaggo Tamo

Da damanar bana Gwaggo Tamo ta cika shekara talatin a ƙasa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson fari. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a dama fura a raba, in ce wa kaina na sauke nauyi. Ban sauke komai ba. Akwai abin da na yi mata tun zamanin Nasara, kuma yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini gardama, gara in faɗe shi da bakina tun ina iyawa.

A shekarun ƙarshe kafin Nasara su tafi, akwai wani ɗan gidan marayu a bayan gari nan Dogon Dutsi, ɗakunan laka uku da rijiya. Wata Baturiya ke riƙe da shi, Madam muke ce mata. Gwaggo ce mai dama kunu da wankan ƙanana. Ni kuwa, da yake ina cikin 'yan matan da aka kama aka kai lakwal, wato makarantar boko, sai aka ɗauke ni ina riƙe rajista ina yi wa Madam tafinta. Shekarata ashirin, ga takalmi a ƙafa, ga Faransanci a baki. Girman kai kam ba a magana.

Madam tana da takardar dokoki manne a ƙofar biro, wato ofishinta. Duk safiyar Litinin sai ta tara ma'aikata ta karanta, ni ina juyawa da Hausa. Ba a dukan yaro, ba a tafiya da yaro gida komai son da kake masa, ba a taɓa abinci sai an wanke hannu. Wadda ta fi ɗaukar zafi a kanta ita ce ta suna: kowane yaro a kira shi da sunansa na rajista, kuma duk wanda ya laƙaba wa yaro sunan wulaƙanci ya bar aiki ranar. Ba zan yi wa matar nan ƙarya ba, dokar tana da dalili. Kafin zuwana an yi wani mai gadi da ke kiran yaran 'yan tsintuwa, har suka fara amsawa.

Sai aka kawo wata yarinya daga wani ƙauye wajen Lugu, ba ta wuce shekara uku ba. Uwarta ta rasu, kuma duk waɗanda ta haifa kafin ita babu wanda ya rayu. Na rubuta ta Mariyama. Ƙafafunta kamar sillen kara, ba ta kuka, ba ta cin komai. Gwaggo, wadda ita ma ta binne huɗu nata, ta dube ta sau ɗaya ta ɗauke ta ta goya. Tun ranar take ce mata Ajuji. Ta ce, "Ajuji, taho ki sha," sai ta sha. Daga hannun kowa ba ta karɓa sai na Gwaggo.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan suna. In mace tana wabi, wato tana haihuwa suna mutuwa, sai a ba jaririn suna marar daraja, a nuna kamar an yar da shi a juji ba mai so, don in mutuwa ko doguwa, iskar nan, ta zo wucewa ta raina shi ta bar shi. Ɓoyo ne. Ba a sa wa yaro irin sunan nan sai wanda ake tsoron rasawa. Ko ka yarda da abin ko ba ka yarda ba, ba zagi ba ne.

Lokacin Madam ta fara tsintar Hausa. Wata rana da hantsi ta ji sunan, ta kira mu biro, Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa da yarinyar a bayanta. Madam ta tambaye ni ma'anar kalmar. Na ce mata da Faransanci, wurin zubar da shara. Ta sake tambaya ko akwai wata ma'ana ban da wannan. Nan ne fa. Na san amsar sarai, domin ni kaina bayan yayyena biyu sun mutu aka haife ni, kuma Ayashe ake kirana a gida har ranar da aka rubuta ni a lakwal. Amma in na yi bayani dole in ambaci wabi, in ambaci doguwa, in tsaya gaban Baturiya a matsayin ɗiyar mutanen da ke yi wa iskoki wayo da suna. Ni da nake so ta ɗauke ni wayayyiya. Kunyar mutanena ta kama ni, na ce babu wata ma'ana.

Fuskar Madam ta yi ja. Ta ce in gaya wa Gwaggo ta sauke yarinyar ta kama hanya. Ni na juya mata wannan da Hausa. Gwaggo ba ta jin Faransanci ko kalma guda, amma ba sakarya ba ce. Ta dube ni ta ce, "Mi kic ce mata, ɗiyata?" Na ce, "Abin da ta tambaya, Gwaggo." Ta ce, "To." Ta kwance goyon, ta miƙo mini yarinyar, ta ce, "Ba ta sha da cokali. Ki sa mata a ludayi, ki fara kurɓa ta gani."

Kwana uku yarinyar ba ta sa komai a baki ba. Na yi na ludayin, na kurɓa har na ƙoshi, ina ta kiran Mariyama, ko waiwayowa ba ta yi. Rana ta huɗu idanunta suka faɗa. Na ɗauke ta na zagaya bayan rijiya inda ba mai ji, na sa baki a kunnenta na ce, "Ajuji, sha." Ta sha. Haka na ci gaba da yi wata da watanni, kullum a bayan rijiya, ina aikata laifin da aka kori gwaggona a kansa, ina kuma tsayawa duk Litinin ina juya dokar da murya mai kyau. Ƙofar biro ba ta kai taku ashirin daga rijiyar ba. Ban taɓa shiga na gyara maganata ba, don tsoron kada a ce tafinta ta yi ƙarya.

Gwaggo ta koma Tibiri gidan wani wanta, ta kama noman gero. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta kai ƙarata wurin babana ba. Da na yi haihuwar fari ita ta zo ta yi mini wankan jego kwana arba'in, tana yi mini tsiya wai 'yar lakwal ba ta iya riƙon jariri ba. Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu jikata tana aiki a wata ƙungiya mai kula da yara marasa galihu. Ta nuna mini littafin dokokinsu, mai kauri, kowa sai ya sa hannu. Na san da Gwaggo na nan da ta yarda da galibinsu, don ba ta taɓa ɗaga wa yaro hannu ba. Abin da za ta tambaya ɗaya ne: in an zargi mutum, ana barinsa ya faɗi nufinsa? Na tambayi jikar tawa haka, ta ce ai yanzu ana sauraron kowane ɓangare. Na ce, wa ke fassarawa? Ta yi dariya, ba ta san dalilin tambayar ba.

Gwaggo ba ta bar hoto ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ya rage nata a duniya mace guda ce. Mariyama ta rayu, ta yi aure a Tibiri, yau kanta fari fat da jikoki birjik. Duk Sallah sai ta hau mota ta zo gaishe ni, tana nuna ni ga 'ya'yanta tana cewa ga wadda ta hana ta mutuwa. Ba ta tuna bayan da ya fara goya ta ba, ta yi ƙanƙanta a lokacin. Ni kuma shekara da shekaru ina karɓar godiyar ina cewa ba komai.

Ajuji, na san ɗanki malamin lakwal yakan karanta miki jarida. Ba ni ba ce na hana ki mutuwa. Wadda ta fara goya ki sunanta Tamo, ni na sa aka raba ku, kuma kabarinta yana maƙabartar da kike wucewa duk ranar da za ki gona.