Yatsan da Indubai Ta Fara Dangwalawa

Shekara arba'in da ɗaya Indubai Gawde ta yi a ɗaki na sha huɗu, a dogon gidan hayarmu na unguwar Lalbag. Ƙofarta na kallon tamu. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu shekarar da aka rufe masaƙar. Tun yana raye take dafa wa gwaurayen ma'aikata abinci, su jeru a baranda ta zuba musu shinkafa da miyar kifi, tana yi musu faɗan rashin wanke hannu. Kowa Mawshi yake ce mata, wato inna, har waɗanda suka girme ta.

Cikin masu cin abincinta akwai Prakash Dalvi, wanda ya zo daga ƙauye da jaka ɗaya. Shekara shida tana ciyar da shi, ita ma ta samo masa mata. Daga baya ya zama sakataren ƙungiyar mazauna gidan, kuma shi ya kawo mana mai kamfanin gini.

Aka baje zanen ginin da za a yi in an rushe namu a tsakar gida: bene hawa arba'in, kowane iyali ɗaki biyu, famfo da banɗaki a ciki. Shekara uku kacal za mu yi a matsugunin wucin gadi. Ba wanda ya taɓa biro ya sa hannu a takardar yarjejeniyar.

"Mawshi," in ji Prakash, "har yaushe za ki yi ta bin layin famfo? Gwiwarki ma ta gaji da ke."

"Gwiwata ta fi bakinka gaskiya," ta ce. Aka kwashe da dariya. Sai ta tsura masa ido. "Ka karanta takardar duka?"

"Kalma bayan kalma. In da cuta a ciki, abincinki da na ci ya zame mini guba."

Ta dangwala yatsa a takardar. Iyalai sittin da biyu muka bi bayanta, don ba ta taɓa kai mu ta baro ba.

Shekara tara muka yi a unguwar Mankhurd, a ɗakunan kwano kusa da juji. Mutum sha ɗaya suka mutu a can suna jira. Mata suka daina gaishe da Indubai. Wata rana a bakin famfo matar Shinde, maƙwabciyarta ta shekara talatin, ta ce mata a gaban kowa, "Ke kika sayar da mu." Indubai ta ɗauki tulunta da rabin ruwa ta wuce.

Ranar karɓar makulli muka tarar da benen, gilashi tun daga ƙasa har sama. Mai gadi ya tare mu, ya nuna mana lungu. Namu ginin yana baya, siriri, tagoginsa na kallon bangon wurin ajiye motoci. Ga katanga a tsakani, ƙofarmu daban. Ashe duk a rubuce yake, a shafi na talatin na takardar. Aka ba Indubai hawa na sha tara. Prakash kuwa a benen gaba aka ba shi.

Sau ɗaya ta je nemansa, ni na raka ta. Mai gadi ya buga waya sama, ya ce mu jira. Muka yi kusan awa a rana. Da Prakash ya sauko, ya sunkuya zai taɓa ƙafarta don girmamawa, ta ja da baya.

"Mawshi, ni ma fin ƙarfina aka yi..."

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ka je ka gaya wa matar Shinde cewa ni ban iya karatu ba, kai ka iya. Iyakar abin da nake so ke nan."

Ya ce zai shigo ranar Lahadi. Bai zo ba.

Shekara huɗu ta yi a sama. Lif ɗinmu, na'urar hawa bene, yakan yi kwana biyu yana aiki ya yi mako a mace, don haka da wuya ta sauko. Ta daina girki sai na bakinta. Ta rasu da damina, maza shida suka sauko da ita ta matattakala, suna hutawa duk bayan hawa uku. Ɗanta ya zo daga garin Pune, ya kwashe tukwanen, ya sayar da ɗakin kafin wata ya ƙare.