Sunan Mahaifina A Kan Tallar Caca

Shekarun baya, bayan soja sun koma bariki har an sake yin zaɓe, lokacin da shagunan intanet suka fara buɗewa a Katsina, na jefa kaina cikin wani tashin hankali da har yau ban manta ba.

Mahaifina yana sayar da shadda da yadi a Babbar Kasuwa, ni ke zaman rumfa tare da shi. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni mutum ne mai waswasi. In na kulle rumfa sai na dawo na girgiza kwaɗon, in na yi alwala sau da yawa sai na sake. Akwai wani abokina mai shagon intanet a Ƙofar Guga, tare muka yi firamare, shi ya ci gaba da karatu. Shi ya kawo shawarar mu buɗe wa rumfar shafi a intanet, masu sayen kayanmu na nesa su riƙa ganin sabon kaya.

Ya gina shafin a wajen wani kamfani da ke ba mutum wurin jera hotuna da rubutu. Sai dai adireshin da suka ba mu dogo ne, ba mai iya riƙe shi. Ya ce mu sayi suna namu na kanmu a wani kamfanin daban. Na zaɓi sunan mahaifina cikakke, har da Alhajin. Don ɗoki, tun ba a gama aikin ba na kira mai fenti ya rubuta adireshin a allon rumfa.

Washegari na je shagon na buga sunan a kwamfuta. Abin da ya fito ba shaddarmu ba ce. Sunan mahaifina ne a sama ɓaro-ɓaro, ƙarƙashinsa tallar caca, a gefe kuma hoton wata Baturiya da ba kayan kirki a jikinta. Mutumin da ke jan sallah a masallacin layinmu in liman bai zo ba!

Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sarkin fargaba, zauna kar ka faɗi. Suna daban, shafi daban. Ba mu haɗa su ba tukuna, shi ya sa masu sayar da sunan suka liƙa tallarsu." Ya ɗauko wasu lambobi daga wajen masu shafin, ya shigar a wajen masu sunan ina kallo. "Saura haƙuri. Sai labarin ya zaga duniya, kwana ɗaya ko biyu."

Na koma kasuwa na rufe allon da buhu. Nan take maƙwabcinmu mai atamfa ya leƙo. "Lafiya? Rumfar za ku sayar?" Allon da ba wanda ya kula da shi a buɗe, yanzu kowa sai ya ɗaga buhun ya karanta.

Zuciyata kuma ta riƙa ce mini abokina ya yi kuskure a lambobin. In ya fita cin abinci ya bar ni a shago, sai in shiga in goge su, in sake rubutawa a hankali. Haka na yi ta yi har mako ya kusa ƙarewa, Baturiya tana nan daram. Rannan ya dawo da wuri ya kama ni.

"Innalillahi! Ashe kai ne! Duk gogewar da ka yi, jiran daga farko yake komawa. Ba alwala ba ce, malam!" Ya canza kalmar sirri, ya ce kar ya ga ƙafata a shagonsa sai jibi.

Tunda hannuna ya fita, na ga gara mahaifina ya ji daga bakina. Bayan la'asar na durƙusa na faɗa masa komai, muryata na rawa. Ya ce, "Kai ka sa hoton?"

"A'a, Baba."

"To mi na rawar jiki? Cire buhun ga, ka maida mani rumfa kamar ana zaman makoki."

Ranar da abokina ya aiko cewa shafin ya gyaru, mahaifina ya ce da shi za a je. Ya zauna gaban kwamfuta da babbar rigarsa, na buga sunan. Hoton rumfarmu ya fito, shadda jere, shi kuma a tsakiya riƙe da almakashi. Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna ƙasan hoton da yatsa ya ce, "Yanzu duniya duka na ganin wanga? Ba ku ko share gaban rumfar ba."

Daga nan na san akwai aikin da in ka gama naka, taɓa shi kuma ɓarna ce. Ba zan ce waswasin ya bar ni ba, amma ya ragu.

Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yarana sun sake fasalin shafin ya zama na zamani, suna ta roƙon in bari su ɗauki sabon hoto, wai wannan ya dushe, ga ledoji da ɓawon gyaɗa a ƙasa. Na ce su sauya duk abin da suke so, amma wannan su bar shi yadda Baba ya gan shi.