Kurciyar Inna Ta Shiga Waya

A ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakata, Inna Delu, tana tura kara a wuta tana yi mana tatsuniya. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi a taro. Sai yaro ya rasa uwa, an yi sadakar uku, sannan ta ja shi ɗakinta.

Ni ma ranata ta zo. Ta ɗora ni a cinya ta ce, "Ga ta nan, taka ce kai kaɗai. Kada ka kai wa masu uwa."

Wata mata ce ta rasu ta bar ɗa, ta dawo kurciya. Kullum sai ta sauka kan rumbu tana kuka, shi kuwa yana jifan ta. Ranar da ya yar da dutse ya saurara, sai ya ji sunansa a cikin kukan. A nan Inna kan kwaikwayi kurciya, ta saka sunan maraya a ciki. Da na ji nawa, na yi kuka har barci ya ɗauke ni.

Daga baya masu bincike suka zo da rikoda. Baƙi ne, Inna ta ji kunyar hana su, har tatsuniyar kurciyar suka ɗauka.

Na zauna a Alƙahira da Bamako da ƙasar Turawa, na shiga gidajen tarihinsu. Harshe ya bambanta, tambayar ɗaya ce: mutum nawa suka gani, nawa suka ji? Da wata cibiya ta ɗora tsofaffin muryoyin nan a intanet, ma'aikaciyarsu ta kira ni da murna.

"Baba, muryar kakarku ta fi kowacce masu saurare. Da ita muke nuna aikinmu yana da amfani."

"Yarinya, marayu nawa ne a cikinsu?"

"Na'ura ba ta nuna wannan, Baba."

Ashe samari ne suka yanko kukan kurciyar suna liƙa shi a bidiyon barkwanci. Na roƙi ma'aikaciyar ta cire, ta kuma cire, amma ya riga ya bazu.

Da 'yata ta rasu, na ja ɗanta Sani ɗaki bayan sadakar uku. Ya lafe a jikina yana saurare. Ina fara kukan kurciya, kafin in kai ga sunansa, sai ya tuntsire da dariya.

"Kaka, ai wannan tsohuwar cikin waya ce."

Ban ƙarasa ba. A da na ɗauka rowa ce ta sa Inna ɓoye ta. Yanzu na gane ajiya take yi wa wanda zai buƙace ta. Duniya ta ji kurciyar, an ƙidaya kowa, amma Sani bai ji sunansa ba.