Gyaɗa ta Taga: Yadda Na Kai Ilektiron Birnin Gwari

Na rubuta wannan bayan mako biyu, ga shi ranar a tsorace nake, don haka watakila wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Mun tashi da asuba daga Kaduna zuwa garinmu, Birnin Gwari. Tsohon malaminmu na fiziks ne ya kira ni. Ya ce ɗalibai sun guje wa darasin, kuma in ba a samu masu zaɓensa bana ba, za a rufe ajin. Ya roƙi in zo in yi musu bayanin kundin digirina da Hausa. Na amsa don kunya, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani. Da muka shiga dajin da 'yan bindiga ke tare hanya, direba ya ce ba zai tsaya ba ko wa ya matsu. Damina ce, ciyawa ta fi mutum tsayi. Sai a wani ƙauye, ina jin bayan Buruku ne, ramuka suka tilasta masa rage gudu. Wata mata mai dafaffiyar gyaɗa ta bi motar, ta miƙo ƙulli ta taga, wani dattijo ya cafe, ya jefa mata kuɗinta. Motar ba ta tsaya ba. Ni kuwa na zaro biro.

A ajin na fara da labarin mai gyaɗar. Na ce atam, wato ƙwayar zarra, yana da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kewaya shi, su ne ilektiron. Na ce su ɗauki atam da aka kwashe masa ilektiron da yawa, wanda muke kira ayon, kamar fasinja mai yunwa. Haidurojin kuma ilektiron ɗaya gare ta tak, kamar mai gyaɗa da ƙulli ɗaya. In ayon ya wuce da mugun gudu, da wuya ya samu komai. In ya zo a hankali, ilektiron yakan tsallaka wurinsa ba tare da sun taɓa juna ba, ya sauka a matakin sama, yana gangarowa yana fitar da haske. Na gargaɗe su cewa misalin bai cika ba.

Wata ɗaliba daga Kakangi ta ɗaga hannu. "Malam, mai gyaɗa an biya ta. Ita haidurojin fa?"

"Ba a ba ta komai," na ce. "Ƙwace ne."

"To wannan mun san shi," in ji ta.

Dariya ta ɓarke a ajin, har da malaminmu. Tambayoyi suka yi ta zuwa har aka kira azahar, biyu ma na ce sai na duba littafi. Da Malam ya tambayi masu son darasin, hannuwan da suka tashi sun fi ƙarfin kujerun ɗakin gwaji.

Mun dawo Kaduna lafiya da la'asar washegari. Shekara guda na yi ina wannan bincike, amma sai a kan hanyar garinmu na gane shi. Jiya Malam ya bugo waya: ba za a rufe ajin ba.

Duk wanda ke cikin motar ko ajin, in na yi kuskure, ko da sunan ƙauyen ne, ya aiko mini in gyara.